Saura mako 3 bikina, in je a haskaka mini haƙora?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 27. A Tibiri aka haife ni, can na yi yarinta, yanzu muna zaune a Ali Ɗan Sofo cikin Maradi. Tun tasowata haƙorana na gaba suna da zane-zane ruwan ƙasa da ɗigon fari, duk yadda na goge ba sa fita. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa guntulewa da na faɗi, aka yi mini ciko. Saura mako 3 bikina. Ƙawata ta ce akwai aikin da ake yi zama ɗaya, a shafa magani a haska shuɗiyar fitila, mutum ya tashi da haƙora fari tas. Yana da illa? In yi ko in bari?

Amsa: Ƙanwata, barka kadai. Allah ya sanya alheri, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Aikin da ƙawarki ta ba ki labari gaskiya ne, ana yin sa, kuma yana haskaka haƙora. Idan likitan haƙori ne ya yi shi bayan ya bincika bakin mutum, yawancin illolinsa kwana 2 zuwa 3 ne su wuce. Sai dai bakin da kika kwatanta mini, ga tabo tun yarinta, ga ciko a gaba, ga haƙorin da ya taɓa buguwa, ba zan ɗora masa wannan magani ana saura mako 3 biki ba. Bari in bi miki dalilan, don ki shiga wurin likita kina sane da abin da za ki tambaya.

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai ɓawo mai tauri da muke kira inamel. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kuma in ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Ƙarƙashinsa dantin ne, mai launin rawaya-rawaya, cike da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, duk sun nufi tsakiya. A tsakiyar kuwa ɓargon haƙori yake, inda jijiya da hanyoyin jini suke kwance. Launin da mutane ke gani idan kin yi murmushi, mafi yawansa na dantin ne da ke leƙowa ta cikin ɓawon. Saboda haka maganin haskakawa dole ya ratsa ɓawo ya shiga ciki, can ya wargaza abin da ke riƙe da launi. Kusan duk illar da zan ambata daga wannan ratsawar ta taso.

Maganin kuwa kin san shi. Haidirojin feroksaid ne, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Na farmasi ƙarfinsa kashi 3 ne cikin 100. Wanda ake shafawa a kujerar likita yana kamawa daga kashi 25 zuwa 40, wato ya ninka na farmasi sau 10 ko kusa da haka. Ana shafa shi minti 15 zuwa 20, a share, a sake, sau 2 ko 3 a zama ɗaya. Ƙasashen duniya ma ba su daidaita a kansa ba: a Amurka likitoci suna aiki da mai ƙarfin, amma Tarayyar Turai tun 2012 ta tsayar da abin da ake haskaka haƙora da shi don kwalliya a kashi 6, shi ma sai ta hannun likitan haƙori, kuma ban da wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da ake sayarwa kowa ya saya a kanti a Tarayyar Turai bai wuce kashi 0.1 ba. Ki riƙe waɗannan lambobin, za su yi miki amfani idan aka nuna miki kwalba.

Illar da ta fi yawa ita ce zugin haƙori. Feroksaid ba ya wahalar ratsawa. Cikin minti 15 wani abu daga cikinsa ya riga ya isa ɓargo, jijiya kuma ta fusata. Ƙorafi iri biyu mutane ke dawowa da shi. Akwai zugin da sai sanyi ya taɓa: ruwan randa, ƙanƙara a zoɓo, kurkurar baki a alwalar asuba, ko iskar hunturu idan mutum ya buɗe baki a bayan kabu-kabu. Akwai kuma wanda ba ya jiran dalili. Kina zaune sai ki ji ya soke ki a haƙori ɗaya, daƙiƙa kaɗan ya sake ki, an jima ya dawo a wani. Wannan na biyun ne ke tayar wa mutane hankali har su ɗauka an kashe musu baki. A bincike da dama, fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin a ɗakin likita sun ji wani abu daga ciki, wasu ɗan kaɗan, wasu har ya hana su barci. Ya fi tsanani ranar da aka yi da darenta, washegari ya fara sauka, kafin kwana 3 yawanci ya tafi. Ƙalilan ne ke kai mako da shi.

Wanda ya fi shan wuya shi ne mai ƙofa a buɗe. Dasashin da ya ja baya yana barin saiwar haƙori a fili, saiwa kuwa ba ta da ɓawo, dantin ne tsirara. Ina yawan ganin haka a nan ga masu dirzar baki da ƙarfi, ko da asuwaki ko da buroshi mai tauri, gefe zuwa gefe, a ganinsu tsabta ce. Sai tsagar da ido ba ya gani, irin wadda tauna ƙanƙara da fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori suke bari. Sai kogo, ko tsohon cikon da gefensa ya saki. Ta kowace daga cikin waɗannan maganin yana zurawa kai tsaye. Ƙananan haƙoran gaba na ƙasa su ma suna da rauni, don sirara ne. A 2010 an wallafa wani bincike daga Brazil: aka shafa feroksaid mai kashi 38 na minti 45 a kan haƙoran da dama za a cire su don gyaran jeri, bayan kwana 2 aka cire aka duba ɓargonsu. A ƙananan na gaba an tarar wani sashe na ɓargon ya mutu, a na gefe masu kauri ba a ga haka ba. Haƙoran da aka duba kaɗan ne, kuma mutuwar haƙori ɗungurungum bayan wannan aiki abu ne da ba kasafai ake gani ba. Amma ya ishe ni hujja cewa kada a ƙara minti ko ɗaya a kan abin da kamfanin maganin ya rubuta, komai roƙon mai baki.

Ana iya rage zugin. Man goge baki mai sinadarin fotasiyam naitiret, irin wanda aka rubuta na masu jin sanyi a haƙori, a fara shi mako 2 kafin aikin. Likita ya shafa fuloraid, sinadarin nan mai ƙarfafa haƙori da ake sawa a man goge baki, ko maganin kwantar da jijiya kafin ko bayan. A taƙaita lokacin shafawa, a kuma bar mako guda tsakanin zama da zama. Farasitamol yana taimakawa idan abin ya zo, amma shan magani tun kafin a fara bai cika hana shi zuwa ba. Abin da ba na so ki yi wa haƙuri shi ne ciwo mai bugawa a haƙori ɗaya tak, wanda ke tashin mutum cikin dare, ko wanda abu mai zafi ke tayarwa, ko ya wuce mako bai sauka ba, ko haƙorin ya fara duhu, ko dasashinsa ya kumbura. Wannan ya wuce zugin haskakawa, a koma wurin likita ranar.

Illa ta biyu ƙunar dasashi ce. Feroksaid mai kashi 35 in ya taɓa nama yana ƙona shi nan take, wurin ya yi fari fat, ya yi raɗaɗi. Don haka kafin a shafa, likita yana zagaye bakin dasashi da wani shinge na roba mai ruwa-ruwa da ake daskararwa da haske, ya janye leɓɓa da kumatu, ya tare harshe. In shingen ya bar ɗan giɓi, maganin zai same shi. Ƙaramar ƙuna tana komawa daidai cikin sa'o'i, babba ta zama gyambo na wasu kwanaki. A nan halinmu na kara da dauriya yana cutar da mu. Mace za ta ji wuri yana ci, ta yi shiru don kada a ce ta cika raki, sai an gama a tarar da farin tabo. Idan kin ji raɗaɗi a dasashi ko leɓe, ɗaga hannu nan take, a share a wanke da ruwa. Minti ɗaya da minti goma ba ƙuna ɗaya suke bari ba. Sauran ƙananan abubuwa, gajiyar muƙamuƙi saboda baki ya daɗe a buɗe, bushewar leɓɓa, ƙaiƙayin maƙogwaro ko tashin zuciya in an haɗiyi kaɗan, duk na yini guda ne. Ido kuwa dole a rufe shi da tabarau, ke da mai aikin.

Ita kuma shuɗiyar fitilar da ta burge ƙawarki, ra'ayina a kanta a fili yake: ta fi amfani a hoto. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka kwatanta maganin mai ƙarfi da fitila da kuma ba fitila, ba a ga wani ƙarin haske mai ɗorewa ba. Fitilar da ke fitar da zafi tana iya ƙara zugi, kuma ɓargon haƙori ba ya son zafi ko kaɗan. Tun 1965 wani gwaji a kan birai ya nuna ƙarin digiri 5.5 kacal a cikin ɓargo ya isa ya kashe wasu haƙora. Fitilun zamani ba su cika zafi haka ba, amma me ya sa za a biya ƙarin kuɗi don abin da bai ƙara komai ba? Akwai kuma wani abin da masu talla ba sa faɗa. Haƙorin da ya yi awa guda a buɗe ba yawu yana bushewa, busasshen haƙori kuwa ya fi fari. Hoton da ake ɗauka mutum yana kan kujera, rabinsa bushewa ce. Idan yawu ya koma, farin yana ja baya, kuma launin gaskiya ba ya tsayawa sai bayan kamar mako 2. Shi ya sa zama ɗaya bai cika isa ba. Yawanci sai an yi 2 ko 3.

Za ki so ki san ko yana cin ɓawon haƙori. A ɗakin gwaji an ga saman ɓawon yana ɗan laushi da kaushi bayan an shafa, amma a cikin baki yawu yana mayar masa da ma'adinin cikin kwanaki, musamman in maganin ba mai tsami ba ne. Sau ɗaya ko biyu a hannun wanda ya iya ba ya zaizaye haƙori. Ɓarnar tana zuwa ne daga maimaitawa, ga wanda ya ga fari ya ce bai isa ba, bayan wata 2 ya koma, bayan wata 2 ya sake komawa. Kowane haƙori yana da iyakar da zai kai, in an wuce ta bakin haƙoran sai su koma garai-garai, launin toka-toka, ga zugi da ya ƙi tafiya. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Batun ciwon daji da wasu ke tambaya, babu hujjar da ta nuna wannan aiki yana jawo shi ga mutane, sai dai ana ƙara taka-tsantsan da masu shan taba da giya, don naman bakinsu dama yana cikin haɗari.

Yanzu mu dawo bakinki, mu fara da cikon. Feroksaid ba ya canza launin abin da ba haƙori ba. Ciko, hular haƙori, haƙorin roba, har haƙorin Makka na hajiyoyinmu, yadda suka shiga haka za su fito. An zaɓi launin cikonki ne daidai da haƙoranki na wancan lokaci. In aka haskaka na kewaye da shi, zai fito fili a tsakiyar murmushinki, abin da a da sai an ƙura ido ake gani. Maganinsa a cire a sa sabo, amma ba a yin haka nan da nan. Iskar oksijin da maganin ya bari a cikin haƙori tana hana sabon ciko kamawa da kyau, launin ma bai tsaya ba balle a zaɓi wanda ya dace. Ana jiran mako 2. To ki lissafa: bincike da wankin haƙori a makon farko, zama na ɗaya, mako guda, zama na biyu, sannan mako 2 na jira. Kwanakinki sun ƙare tun ba a zo kan cikon ba. Sai ki shiga lalle da haƙora launi biyu, kina gudun ruwan sanyi.

Wannan haƙorin da ya bugu yana da wata magana kuma. Haƙorin da ya sha buguwa yana iya mutuwa a hankali, shekaru bayan faɗuwar, ba tare da ciwo ba. Sai an gwada jijiyarsa an ɗauki hotonsa ake sani. In ya mutu, shafa magani daga waje ba zai yi masa abin kirki ba. Sai an yi aikin saiwa, wato a kwashe mataccen ɓargon a toshe gurbinsa, sannan a sa maganin haskakawa daga ciki a rufe na wasu kwanaki. Wannan hanya tana da nata haɗarin, wanda ya fi duk na baya nauyi ko da yake ba shi da yawa: wuyan saiwar yana iya fara narkewa a ɓoye, wani lokaci sai bayan shekaru a gani a hoto. An fi samun haka inda aka yi amfani da feroksaid mai ƙarfi aka haɗa da zafi, a haƙorin da dama ya taɓa buguwa, kuma ba a toshe bakin saiwar da kyau ba.

Sai babbar maganar, wato tabon kansa. Launin haƙori iri biyu ne: wani ƙura ce a kan shadda, a kakkaɓe ta fita, wani kuwa rini ne da ya shiga zare. Na goro da shayi da kofi da taba, da na maganin ƙarin jini mai ruwa, a sama suke zama tare da daskararren datti. Wankin haƙori na asibiti, inda ake kankare dattin da na'ura a goge, yana fitar da mafi yawansu ba tare da ɗigon feroksaid ba. Mutane da yawa da ke zuwa neman haskakawa wannan kaɗai suke buƙata. (Kakanninmu mata kuwa da gangan suke rina haƙora da fure da goro, a lokacinsu jan haƙori shi ne ado.) Naki tabon ba na sama ba ne, tunda da shi haƙoran suka tsiro.

Ba zan yanke hukunci ban ga bakinki ba, amma zane ruwan ƙasa da ɗigon fari tun yarinta, ga wadda ta tashi a Tibiri, abu na farko da kowane likitan haƙori a jihar nan zai kawo a ransa shi ne yawan fuloraid a ruwan sha. Labarin sananne ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya sha ruwan fanfo daga wata rijiya mai zurfi da fuloraid ɗinta ya haura miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, nesa ba kusa ba, kuma sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito sosai. Yara masu yawa haƙoransu suka rine, wasu har ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Fuloraid yana yin wannan ɓarna ne lokacin da haƙori yake ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8. Ɓawon yana fitowa da ƙananan ramuka a cikinsa. Inda ramukan suka yi yawa sai ya yi fari irin na alli, daga baya launi ya shige su ya koma ruwan ƙasa. Kada wannan ya sa ki guji man goge baki mai fuloraid yanzu. Haƙoranki sun gama ginuwa, abin da zai yi musu a yau kariya ce daga kogo.

Me feroksaid mai ƙarfi yake yi wa irin wannan haƙori? Ruwan ƙasan yana raguwa, wannan gaskiya ne, wani lokaci sosai. Amma ɗigon farin ba ya ɓacewa. A kwanakin farko ma ƙara fitowa yake, don wuraren da ke da ramuka sun fi saurin shan magani da saurin bushewa, sai haƙori ya yi dabbare-dabbare. Yana daidaita daga baya idan kewayen ya kamo shi, amma wannan lissafin makonni ne, ke kuwa makonnin ne ba ki da su. Abin da ya fi dacewa da tabon fuloraid yawanci haɗi ne. Akwai gogewa da wani haɗin asid da aka sirka da gari mai laushi, wanda ke ɗebe siririn saman ɓawon, ƙasa da rubu'in milimita, inda tabon yake kwance. Akwai cusa wata roba mai ruwa a cikin ramukan don farin ya saje. In tabon ya yi zurfi ko saman ya faffashe, sai a lulluɓe fuskar haƙorin da ciko mai launin haƙori. Ba kowane ɗakin likita ke da kayan waɗannan duka ba, ki tambaya tun farko.

In kuma ana son haskakawa, ga mai irin haƙoranki na fi son ta a hankali. Likita ya auna bakinki ya yi miki kwasfa ta roba daidai haƙoranki, ki riƙa sa magani mai sauƙi a ciki da dare. Wasu likitoci biyu a Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana wannan hanya a 1989, da wani ɗan'uwan maganin mai suna kabamaid feroksaid, mai kashi 10, wanda ƙarfinsa yake daidai da haidirojin feroksaid kashi 3.5. Tana ɗaukar mako 2 zuwa 4, ga tabo mai taurin kai fiye da haka, kuma inda take kaiwa bai gaza na kujerar likita ba. Ita ma tana sa zugi. Bambancin shi ne linzamin yana hannunki: in ya dame ki, ki tsallake dare 1 ko 2.

Akwai wani tabon ciki da ke kama da naki, likita zai tambaye ki a kansa. Tetarasaikilin, kafson nan mai ja da rawaya da masu tallar magani ke yawo da shi, in aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ko mai ciki ta sha, yana barin ratsi mai launin toka ko ruwan ƙasa a kwance a haƙora. Shi ne mafi taurin kai, zama ɗaya ba ya ko girgiza shi, sai watanni na kwasfar dare.

Ban san inda ƙawarki take nufi ba, shi ya sa zan faɗi wannan. Yanzu masu gyaran jikin amare da wasu shagunan kwalliya sun shigo da wannan aiki, ana tallarsa a TikTok da WhatsApp, ga fitila ga kujera. Fitila da kujera ba su ne aikin ba. Wadda ba ta iya gane kogo ko mataccen haƙori ko ciwon dasashi ba, ba ta da hanyar sanin bakin da bai kamata a taɓa ba. Maganin da ake sayowa ba takarda, ko dai ya yi rauni har kuɗinki ya tafi a banza, ko ya yi ƙarfin ƙona nama, ko kuma mai tsami ne, wanda farinsa na cinye ɓawo ne. Feroksaid kuma ba ya jure zafi, da yawansa a firji ake ajiye shi. Ki tuna yadda shago yake a Maradi a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, wuta tana zuwa tana tafiya. Ga abin buɗe baki da ake cirewa daga wannan a sa wa waccan. Dasashi yana jini, ciwon hanta nau'in B kuwa yana da yawa a ƙasarmu, kuma kurkurawa da ruwa ba ta kashe shi. Haɗin gida na lemun tsami da gawayi ko toka ko kanwa shi ma ki bar shi. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan tsami ya yi ƙarfin da lambarsa ta sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, ruwan lemun tsami kuwa wajen 2 yake. Ki jiƙa shi da asid, ki bi da dirza, kwanan farko ya yi haske, a kwana a tashi rawayan dantin ya ƙara fitowa, kuma babu mai mayar miki da abin da ya tafi.

Ko an yi aikin yadda ya kamata, ba na har abada ba ne. Yana riƙewa daga wasu watanni zuwa shekara 2 ko 3, gwargwadon shayi da goro da tabar mutum. Ana cewa a guji abinci mai launi kwana 2 bayan an yi. Binciken da aka yi bai nuna bambancin ya kai yadda ake zuzutawa ba, amma barin mai tsami da mai sanyi a kwanakin yana sauƙaƙa zugi, kunun tsamiya da zoɓo su ɗan jira.

Ga abin da zan ce ki yi da makonninki 3. Cikin satin nan ki je wurin likitan haƙori, a duba bakin duka, a ɗauki hoton haƙorin da ya bugu, a yi wankin haƙori. Dasashi yana iya ɗan jini ko tsami kwana 2 bayan wankin, shi ya sa ba a barin sa sai ana gobe kamu. In cikon ya dushe ko gefensa ya yi baƙi, a goge shi ko a sabunta shi da launin haƙoranki na yanzu. In likita ya ga tabon ruwan ƙasan a sama-sama yake, gogewar nan ta saman ɓawo zama ɗaya ce ko biyu, kuma tana iya shiga cikin lokacinki. Waɗannan kaɗai suna canza murmushi fiye da yadda kike zato. Haskakawar a bar ta sai an watse, hankali ya kwanta.

Idan lokacin ya zo, ki tambayi mai aikin ko shi likitan haƙori ne, ya nuna miki kwalin maganin ki ga kashi nawa ne da ranar lalacewarsa, ya gaya miki da me zai kare dasashi, zama nawa yake hasashe, kuma kuɗin sabunta cikon yana ciki ko daban ne. Ya gwada launin haƙoranki da ma'aunin launi kafin a fara, a rubuta, don bayan mako 2 a san abin da aka samu ba da ƙiyasin ido ba. Ki gaya masa duk maganin da kike sha, don wasu, irin su doksisaikilin, suna sa fata saurin ƙuna a ƙarƙashin haske mai ƙarfi. Kuma tunda aure za ki shiga, in Allah ya kawo rabo da wuri, a ɗage aikin har ki haihu ki yaye. Ba a gwada waɗannan magunguna a kan masu ciki da masu shayarwa ba, dasashin mai ciki kuma dama yana saurin kumbura da jini.